Na Yi Jinyar Ƙafar Babana ta Hoto

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wasiƙun da mutane ke aiko muku a wannan shafi, kuma ba zan ɓoye ba, sau da yawa nakan taɓe baki in ce wannan ai sakaci ne, ni ba za a yi haka da ni ba. To yau ga ni na zo da nawa. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na garinmu ba, ya isa in ce ƙauye ne a ƙasar Tibiri, inda mota ba ta shiga da damina sai amalanke da babur. Lokacin da abin ya faru ina aikin gona a Dogon Dutsi, irin aikin gonar da ake yi a kan kujera. Ina da miji da ƴaƴa biyu, ina da babur nawa na kaina, kuma ina ji da kaina ƙwarai, don a gidanmu ni kaɗai na yi lakwal, wato karatun boko, har na kama aiki. Idan na yi magana a gida ba mai musa mini, kuma na saba da hakan har na ɗauka haƙƙina ne.

Aikin namu na tsuntsaye ne. Duk manomi ya san jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan da ke tasowa kamar hayaƙi idan hatsi ya fara ƙwaya, su sauka gona da hantsi, kafin la'asar a tarar da zangarniya fayau. An kafa mana kamara a kan dogayen ƙarafa a bakin fadama, wuraren da suke kwana, ana kuma tada ɗan ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto. Hotunan sai su zo biro, wato ofishinmu, kwamfuta ta duba su ta faɗi yawan tsuntsayen, ko suna ƙaruwa, da gefen da suke matsawa. Ni aikina in koya mata gani. Ina yini ina zagaye tsuntsu ɗaya-ɗaya a cikin hoto, ina nuna mata wannan tsuntsu ne, wannan ganye ne, wannan leda ce da iska ta maƙala a ƙaya, har ta ƙware ta fi ni sauri nesa ba kusa ba. Amma shugabanmu, wani dattijo marar wasa, yana da doka guda: komai kyan hoto, ba a sa hannu a rahoto sai an taka an je wurin an gani da ido. Ya kafa dokar ne tun ranar da na'urar ta ƙirga ƴaƴan bagaruwa ta ce mana tsuntsaye ne. Ni ce ma na fi kowa riƙe ta, ina yi wa sababbin ma'aikata tsiya idan suka yi ƙyuyar fita rana.

Ni ce ɗiyar fari a wurin Baba, kuma duk wanda ya san mu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce wa Inna a faɗa wa yarinyar nan kaza. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Gaisuwa daga nesa nake durƙusawa, idona a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Babu ƙiyayya ko kaɗan, kunya ce irin ta ɗan fari, haka muka taso muka tarar, kuma na san bayan idona ba shi da hira sai tawa. Shekaru kafin wannan an gano yana da ciwon suga. Ƙwayoyin yakan sha idan ya ga dama, shayinsa kuwa sai ya yi kauri da sukari. Ya sha faɗa wa Inna ƙafafunsa sun yi nauyi kamar ya sa safa, yana kuma alfahari a majalisa cewa shi yanzu ƙaya ta daina yi masa zafi. Muka yi ta dariya muna cewa tsoho ya yi tauri. Ƙannena maza biyu suna cirani, saboda haka gonar gaba ɗaya a wuyansa take.

Wata safiya cikin damina ƙanwata, wadda ke aure a can garinmu, ta kira ni ta ce Inna ta ga jini a buzun sallar Baba. Da aka duba sai ga miki a tafin ƙafarsa ta dama, daidai gindin babban yatsa. Tsinin kara ne ya huda takalmin roba ya shige, shi kuma bai ma san yaushe ba. Sun kai shi wurin majo, ma'aikacin jinya na ƙaramar likitar da ke kusa da mu inda muke karɓar magani, ya wanke ya ɗaure, ya ce kada ya ƙara taka ƙafar, kuma a kai shi Dogon Dutsi a auna sugansa a duba zurfin mikin. Baba ya ce hatsi na fitar da kai, shi ba inda za shi, amma a tambayi yarinyar nan, abin da ta ce shi za a yi. Kun ga yadda maganar ta dawo hannuna. Da na ce a kawo shi, wallahi a ranar zai hau amalanke. Sai na ce wa ƙanwata ta ɗauko mini hoto. Na buɗe shi na ƙara girmansa kamar yadda nake yi a wurin aiki, na ga abu bai fi ƙwayar gujiya ba. Na ce wannan har ya isa a tada tsoho daga gonarsa? Na shiga farmasi na sayi man shafawa na ciwo, da jan ruwan nan na wanke miki, da bandi, na ba wani mai babur ya kai. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce hoton ya yi mini daɗi. Aiki ya yi yawa a lokacin, kuma ya raba ni da nauyin in durƙusa in kama ƙafar mahaifina.

Kun san ciwo a gidan Bahaushe, kowa likita ne. Inna ta ƙara da zuma. Wata maƙwabciya ta kawo garin bagaruwa ta ce yana busar da kowane irin miki. Wani abokin Baba ya ɓare kafso ya zazzage garin a ciki. Da yamma kuma a gasa ƙafar da ruwan zafi da gishiri, shi yana zaune yana cewa a ƙara zafi, bai ji komai ba. Duk ana faɗa mini, ni kuma ina cewa ba laifi, tunda ga nawa man ana shafawa a kai. Kullum da safe ƙanwata ta aiko hoto. Har na koya mata ta riƙa ajiye tsinken ashana kusa da mikin don in auna, na jera hotunan bisa kwanaki, tsaf, kamar aikin biro. Bakin mikin kuwa yana ta tsukewa, ya yi baƙin ɓawo, ya bushe ƙarau. Na nuna wa abokan aikina ina fariya. Sau biyu ƙanwata ta ce mini, yaya, ƙafar fa tana ɗan wari. Na ce mata warin zuma da bagaruwa ne, ta daina tada mini hankali. Ta ce kuma ta ga kamar ta kumbura. Na duba hoton, wanda kullum daga ƙasan tafi take ɗauka, ban ga kumburi ba, na ce idonta ne.

Ana cikin haka na'urarmu ta nuna taron jan-baki ya ƙaru sosai a wata fadama, kuma kullum yana matsawa gefen ƙasarmu. Hatsi a lokacin ya yi nono, daidai yadda suke son shi. Kafin ma rahoto ya fita na ɗauki tarho na kira Inna na ce ta faɗa wa Baba ya sanar da mutanen gari su shirya. Ina jin kaina kamar wata babba, ɗiyar gari da ta hango bala'i tun daga nesa. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina wa zai tsare tamu gonar ba. Baba ya ɗaure ƙafa da tsumma ya cusa a takalmin roba, ya ja igiyoyi ya rataya gwangwanaye, ya ɗauki majajjawa. Daga fitowar rana har faɗuwarta yana zagaya gona, cikin laka da raɓa, yana ihu yana jifa. Kwana goma sha biyu ya yi a haka. Hoton safe kuwa bai fasa zuwa ba, don kafin ya fita ake wankewa a shafa mai a ɗauka, kuma ɓawon yana nan a bushe.

A cikin kwanakin nan ne muka fita duba makwancin tsuntsayen da ido, bisa dokar shugabanmu, sai na ce bari in leƙa gida tunda kusa ne. Na yi tafiyar sa'a biyu a cikin taɓo don in tabbatar da abin da na'ura ta faɗa game da tsuntsaye. A gida ban yi rabin sa'a ba. Na tarar Baba ya dawo sallar la'asar yana zaune a zaure, ya ja bakin rigarsa ya rufe ƙafafu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, na ce ya jiki, ya ce da sauƙi, ya ce a gode wa yarinyar nan, tsuntsaye sun zo sun tarar da mu a tsaye. Zauren ya turnuƙe da turaren wuta, da rana tsaka, har na yi wa Inna tsiya na ce ko amarya aka yi mana. Ba ta yi dariya ba. Na ga ƙudaje sun taru a bakin rigar, yana kora suna dawowa. Na gani da idona, ni da ake biya don in lura da abin da ke taruwa wuri ɗaya. Taku uku ne tsakanina da shi. Na ji nauyin in ce ya ɗaga rigar, na miƙe na yi sallama, motar aiki na jira a can bakin titi.

Kwana huɗu bayan nan ƙanwata ta kira da hantsi tana kuka. An tsinci Baba kwance a gindin wani gawo a gona, jikinsa kamar garwashi, yana sambatu yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ban san yadda na tuƙa babur na isa ba. Na shiga ɗakin kai tsaye, na ture kaskon turaren, na yaye zanen da aka rufa masa. Warin da ya buge ni har yau ban manta da shi ba. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, fatar tana ƙyalli, yatsu biyu sun yi baƙi. A ƙasa kuwa ga ɓawon nan nawa, ɗan ƙarami, a bushe, daidai yadda yake a hoto. Na sa yatsa na danna gefensa, sai mugunya ta ɓullo ta tsakanin yatsu. Ranar ce na fara taɓa jikin mahaifina da hannuna. Inna ta ce ta so ta faɗa mini, amma shi ya hana, ya ce kada a tada hankalin yarinyar nan, tana aikin jama'a, kuma ai ta ga hoto ta ce yana warkewa.

An yi ruwa a daren da ya gabata, hanya ta yanke, ba motar da za ta shigo. Muka shimfiɗa shi a amalanken jaki, na rungume ƙafar a cinyata don kada ta riƙa buguwa da katako. Jakin yana tafiya kamar ba ran mutum ya ɗauko ba. A wani kwari ƙafafun amalanken suka nutse, na sauka na shiga taɓo har gwiwa ina turawa ina kuka, ina roƙon Allah da duk addu'ar da na iya, ina cewa ya Allah ka bar mini shi, ka bar masa ƙafarsa, ko me za ka ɗauka ka ɗauka a jikina. Na kira shugabanmu, na kira mijina, na kira duk lambar da ke cikin tarhona, wasu ma ban san me na ce musu ba. Sai bayan azahar muka kai bakin titi inda motar da aka aiko mana ke jira. Duk tsawon hanyar Baba yana ɗaga hannu yana kora, yana cewa ga su nan sun sauka ta gabas, a ja igiya.

A likitar Dogon Dutsi ma'aikacin da ya karɓe mu ya sa almakashi ya ɗaga ɓawon, sai ga rami a ƙarƙashi, ya zura ƙarfe ya shige har ya taɓo ƙashi. Ya tambayi abin da aka sa, na lissafa masa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce mikin mai ciwon suga daga ciki yake ci. Bagaruwa da garin kafso sun busar da baki sun rufe ƙofa, ƙwayoyin cuta suka samu ɗaki. Ruwan zafin ya ƙona fatar da ba ta ji. Ya ce zumar ma ba ita ce mai laifi ba, su kansu akwai irin wadda suke sa wa miki, amma sai an kankare ruɓaɓɓen nama, an sauko da suga, an hana mutum taka ƙafar. Ya ce babu man da zai warkar da mikin da ake takawa kullum. Aka sa masa ƙarin ruwa da allurai, aka shiga wanki safe da yamma. Kwana uku ina tsaye a kansu, duk wanda ya shigo da farar riga sai na tare shi in tambaya ko akwai wani mai, ko wani gari, ko wani bandi na musamman, ko daga ina ne zan nemo. Har a lokacin ban daina neman abin shafawa ba. Baƙin yana ta hawa, a rana ta huɗu aka ce mu wuce Doso.

A can lokotoro mai aikin tiyata ya duba ya ce ƙafar ba ta tsira, abin da ake nema yanzu ransa ne, za a yanke ƙasan gwiwa, kuma ba a da lokacin dogon shawara. Zazzaɓin ya ɗan sauka, Baba yana cikin hankalinsa, ya ce atafau. Ya ce shi da ƙafa biyu ya zo duniya, da su zai koma, a mai da shi gida. Inna ta yi magana ya juya mata baya. Ƙannena suka kira daga cirani ya ƙi karɓar tarhon. Na fita na zauna a bakin baranda na rasa inda zan sa kaina. Idan na yi shiru zai mutu, idan na yi magana ni ce zan ce a yanke ƙafar da ni na ruɓar. Na koma na durƙusa, wannan karon dab da gadon, na kama hannunsa. Na faɗa masa komai, cewa majo ya yi gaskiya tun farko, ni ce na hana, ni ce na ga ƙuda na yi shiru. Na ce ya yafe mini, kuma ya taimake ni kada ya bar ni da alhakin ransa, don ba zan iya ɗauka ba. Sannan ya kira sunana, sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba, ya ce in tashi in share ido, in je in sa musu hannu a takardar. Ya ce tun farko abin da na ce shi ake yi, yanzu ma haka. Na je na sa hannu.

Da ya farfaɗo bayan aikin, bai tambayi ƙafa ba. Ya tambayi Inna ko hatsin ya tsira. Ya tsira. Tsuntsayen sun gaji sun yi gaba, garinmu ya yanke hatsi lafiya a shekarar, rumbunmu ya cika. Bayan mun koma gida ya sa aka ɗaure damin farko aka aiko mini Dogon Dutsi. Har yau duk baƙon da ya zo gaishe shi, yana zaune da sandunansa a gefe, sai ya ba shi labarin yadda yarinyar nan ta hango jan-baki tun suna nesa ta ceci hatsin gari. Bai taɓa ba da ɗayan labarin ba. Ni kuwa damin nan na kasa ci, na ba maƙwabta.

Ina nan ina aikina, na'urar ma tana nan tana ƙirga, kuma ba ta yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya, abin da aka nuna mata shi ta faɗa. Ni ce na san dokar na yi wa tsuntsaye, na hana mahaifina. Ƴan uwana, idan kuna da mai ciwon suga a gida, musamman mu da muka yi nisa muke jinya ta tarho, ku ji ni. Idan ya ce ƙaya ta daina yi masa zafi, ku tsorata. Miki komai ƙanƙantarsa ku kai shi likita a ranar, kada ku rufe shi da gari, kada ku gasa da ruwan zafi, kada ku yarda ya taka, ko da hatsin duniya ne zai ƙare. Bushewar baki ba warkewa ba ce, kuma hoto ba ya kawo wari, ba ya kawo zafin jiki. Kunya kuma tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba, amma ni taku uku na kunya ne suka ci ƙafar Baba.

Yanzu duk ranar Juma'a nakan hau babur in je gida, ko ana ruwa. In ɗebo ruwa a kwano in fara gwada shi da gwiwar hannuna, in zauna a tabarmarsa, in ɗora ƙafar hagun a cinyata. In wanke, in buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, in duba tafi da diddige, in sunkuya in shinshina. Shi yakan juya fuska bango yana jan carbi. Bai sake kiran sunana ba tun ranar Doso, kuma ba na fatan wani dalili ya sake sa shi ya kira.